Wai me ya sa in an yi wa masu wariyar launin fata gatse, mai gatsen ake rufarwa da duka?

Ɗan Kurna:

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu bibiyar harkokin ƙasashen waje ku zo ku raba mana gardama. Akwai wani zane da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp, tsoho ne amma duk bayan ɗan lokaci sai wani ya tono shi ya sake turowa kamar jiya aka yi, bangon wata mujallar Amurka ce The New Yorker, an zana Obama da rawani da jallabiya a ofishin shugaban ƙasa, matarsa Michelle da tulin gashi da wandon sojoji ta rataya AK47, suna gaisawa da dunƙulen hannu, ga tutar Amurka na ci da wuta a murhu, saman murhun kuma hoton Usama bin Ladan ne a rataye. Wanda ya turo ya rubuta a ƙasa wai ku ga irin ƙiyayyar da Turawa ke yi wa baƙar fata da Musulmi. Nan take masu Allah ya isa na yi masu tsinuwa na yi. Can sai wani yayanmu da ya ɗan zauna a waje ya ce ku dakata, mujallar nan fa ta masu goyon bayan Obama ce, gatse suka yi wa masu yaɗa jita-jita a kansa. Wallahi sai aka saki mujalla aka koma kansa, wai ya sha ruwan Turai ya dawo yana kare su.

Ni dai abin da ya ɗaure min kai, in har da gaske gatse ne ta yaya mutum zai gane alhali babu wani bayani a jikin zanen? Kuma gatsen da sai an zaunar da kai an yi maka dogon sharhi kafin ka gane, anya gatse ne kuwa ko dai zagi ne aka ɗora masa hula? Don na lura duk wanda aka kama ya yi maganar banza a kan baƙaƙe a intanet abin da yake fara cewa shi ne wasa nake ku ne ba ku gane ba.

Bazazzagi a Maryland:

Wa alaikumus salam Ɗan Kurna. Ku je ku ba yayanku haƙuri, shi ke da gaskiya. Zanen na watan Yulin 2008 ne ana tsakiyar kamfe, Obama bai ma ci zaɓe ba tukuna, wani mai zane Barry Blitt ne ya yi shi, kuma duk abin da ka lissafa ɗin nan ba shi ya ƙirƙira ba, daga bakin mutane ya tattaro su. A lokacin ana ta tura imel cewa Obama Musulmi ne a ɓoye, an yaɗa wani hotonsa na Wajir ta Kenya a 2006 sanye da kayan dattawan Somaliyawa, ita Michelle ana cewa mai tsattsauran ra'ayi ce ba ta ƙaunar Amurka, gaisuwar dunƙulen hannun kuwa sun yi ta ne a kan dandamali a watan Yuni, sai wata mai gabatar da shiri a Fox News ta jefa tambaya wai ko gaisuwar 'yan ta'adda ce. Shi ne mutumin ya kwashe shirmen gaba ɗaya ya zuba a hoto guda don a ga yadda abin ba shi da kan gado. Ya ma ba zanen suna, siyasar tsoratarwa, amma sunan yana can cikin mujalla, bangon ne kawai ya zaga duniya.

Amma kar ka ɗauka 'yan guruf ɗinku ne kaɗai suka ji haushi. Kwamitin kamfen ɗin Obama da kansa ya fito ya ce abin bai dace ba cin fuska ne, ɓangaren McCain abokin takararsa ma suka ce haka ne. Su kam sun gane sarai, tsoronsu mai wucewa ta gaban teburin jarida wanda zai kalla na daƙiƙa biyu ya tafi da abin da idonsa ya gani. Kuma ba tsoron banza ba ne, a 2010 cibiyar Pew ta yi jin ra'ayi ta samu kashi 18 cikin ɗari na Amurkawa suna ganin Musulmi ne. Ni abin da ya fi ƙona min rai a lokacin ma shi ne yadda aka mai da Musulunci wani tabo da sai mutum ya wanke kansa, sai Colin Powell, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, ne ya fito talabijin ya ce to in ma Musulmin ne sai me.

Wanda ya fi wannan rikici shi ne na Stephen Colbert a Maris 2014. Ɗan barkwanci ne, daga 2005 zuwa 2014 a shirinsa na dare a tashar Comedy Central yana fitowa ne a rigar wani ɗan ra'ayin riƙau mai taurin kai da ɗaga murya, duk abin da ya faɗa akasinsa yake nufi kuma masu kallonsa sun san da haka. To akwai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta birnin Washington da a lokacin ake kira Redskins, sunan da 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka zo suka tarar, suka daɗe suna kukan cewa zagi ne a canza. Mai ƙungiyar na lokacin Dan Snyder ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi, sai ya buɗe gidauniyar taimaka musu, kuma ya liƙa wa gidauniyar wannan sunan dai da suke kuka da shi. Colbert ya ce ai shi ma ya ga abin koyi, zai buɗe gidauniyar nuna kulawa ga 'yan Asiya, ya raɗa mata suna da irin gwarancin nan da ake kwaikwayon maganar 'yan Chana da shi don a muzanta su. A cikin shirin ba wanda bai gane da Snyder ake ba. Washegari shafin Twitter na shirin, wanda ma ba Colbert ke riƙe da shi ba ma'aikatan tashar ne, suka yanko layin gidauniyar shi kaɗai suka wallafa, ba Snyder ba Redskins ba bidiyo, lokacin harafi 140 ne iyaka. Wata matashiya 'yar fafutuka Ba'amurkiya 'yar asalin Koriya, Suey Park, ta fito da #CancelColbert, wato a rufe shirin Colbert, kafin gari ya waye ya hau tirendin.

Ka san yadda ta ƙare? Snyder ya sulale kowa ya manta da shi, masu fafutukar 'yan asalin ƙasa suka yi ta ƙorafin an sace musu magana, ita yarinyar ta sha barazanar kisa da ta fyaɗe daga mutanen da ke cewa su ne masu gane barkwanci, shi Colbert ko ƙwarzane, sati biyu bayan nan CBS ta sanar shi zai gaji David Letterman a babban shirinta na dare. Sunan Redskins kuwa sai 2020 aka cire shi bayan kisan George Floyd, da kamfanonin da ke zuba kuɗin talla irin su FedEx suka matsa lamba.

Ɗan Birni Damagaram:

Sallama gare ku. Bari in kawo muku na ɓangarenmu masu Faransanci, amma in faɗa tun farko kar wani ya taso min, ni ba mai kare jaridar barkwancin nan ta Faransa Charlie Hebdo ba ne, abin da suka yi wa fiyayyen halitta SAW ba mu yafe ba, kuma mu nan Damagaram mun ga abin da ya biyo baya a Janairun 2015, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da coci-coci, washegari Yamai ta ɗauka, mutum 10 suka rasa rayukansu cikin kwana biyu kuma duk a nan Nijar ba a Paris ba. Wannan babi ne daban. Maganar launin fata nake so in taɓo.

Bayan harin 7 ga Janairun 2015 da aka kai ofishin jaridar aka kashe mutum 12, masu Ingilishi suka shiga tono tsofaffin zanen jaridar suna watsawa a Twitter, wanda ya fi yawo shi ne na Christiane Taubira, ministar shari'a ta lokacin, baƙar fata 'yar Guyana ta Faransa, ita ce mai dokar 2001 da ta ayyana cinikin bayi a matsayin laifi ga bil'adama. An zana kanta a jikin biri. Kowa ya gani sai ya ce shi ke nan an gama magana. To asalin zancen a 2013 wata 'yar takarar jam'iyyar Front National ta su Le Pen masu ƙin baƙin haure ce ta sa hoton ɗan biri kusa da na Taubira a Facebook, sai Charb, mai zanen Charlie Hebdo, ya zana abin a matsayin fastar jam'iyyar, ya sa tambarinsu na harshen wuta a gefe, ya kuma murɗe taken Marine Le Pen ya mai da shi taron masu wariya. Wato yana cewa ga ainihin fastarku nan in kun cire kunya. Bafaranshe yana ganin harshen wutar nan ya san da wa ake, mutumin Legas ko na Landan kuwa a wurinsa ado ne kawai a gefen takarda. A daidai wannan lokacin wata jaridar 'yan ra'ayin riƙau Minute ita ma ta yi wa Taubira bango da maganar biri da ayaba, ita da gaske take, kotu ta ci tararta. Biri biyu a shekara ɗaya, ɗaya ne kotun Faransa ta hukunta, ita Taubira ma ta bambance su don ita ce ta tsaya ta yi jawabi a jana'izar Tignous ɗaya daga masu zanen da aka kashe, amma a sikirin ɗin waya ba ka isa ka raba su ba.

Kai kuma Ɗan Kurna zarginka na masu fakewa da wasa nake yana nan da gaske. A 2020 mujallar Valeurs Actuelles ta zana 'yar majalisa Danièle Obono, haifaffiyar Gabon, da sarƙa a wuya a matsayin baiwa, da aka taso musu suka ce ƙagaggen labari ne na nishaɗin hutu, kotu ba ta saya ba ta same su da laifi a 2021.

Akwai kuma na Oktoban 2014 da ya shafe ku kai tsaye, Charlie ta yi bango da mata huɗu masu juna biyu da lulluɓi, wai bayin Boko Haram sun fusata suna ihun kar a taɓa musu kuɗin tallafin yara. A lokacin gwamnatin Hollande na maganar rage wa masu hali wannan tallafin, masu kare jaridar suka ce shaguɓe ne ga masu cewa baƙin haure haihuwa kawai suke zuwa yi don su kwashi kuɗin gwamnati.

Ya Falmata:

Malam na Damagaram na gode da bayani, na kuma gane, amma wallahi ganewar ba ta rage min komai ba. Ni 'yar Maiduguri ce. Oktoban 2014 wata shida kenan da kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, iyaye na kwana ba barci, wasu hawan jini ya kama su, ba wanda ya san ko 'yarsa na da rai, sai wani a Paris yana son ya tsokani maƙwabcinsa a kan kuɗin tallafi bai samu sandar duka ba sai cikin 'ya'yanmu. To na ji ba da mu yake ba. Amma da mu ya yi.

Kuma wannan ne abin da ku maza masu dogon bayani kuke tsallakewa, kullum sai ku raba mutane gida biyu, waɗanda suka gane da waɗanda ba su gane ba, kamar duk wanda ya ji zafi daƙiƙi ne. Ita Suey Park ɗin da Malam Bazazzagi ya ambata ai ta faɗa cewa ta san gatse ne, ƙorafinta shi ne me ya sa in Bature zai yi wa Bature ɗan uwansa faɗa a kan wariya sai ya ɗauko wata ƙabilar ya yi mata gwaranci, ɗakin kallo cike da mutane suna ƙyalƙyala dariya, wa ya auna ya ga a cikinsu wa ke dariyar Snyder wa ke dariyar gwarancin? Yaron ɗan Chana da za a tsokana da wannan kalmar gobe a makaranta ba ruwansa da wani Snyder. Ban ce ta yi daidai da ta ce a rufe shirin ba, ta yi zafin kai, amma tambayarta tana nan ba wanda ya amsa.

Ku duba Dave Chappelle mana, baƙar fata ne kuma Musulmi, ba wanda zai koya masa barkwanci a kan launin fata don da shi ya yi suna. A 2005 ya ajiye kwantiragin dala miliyan 50 ya kama hanyar Afirka ta Kudu ana tsakiyar ɗaukar shiri, mutane har cewa suka yi ya haukace. Daga baya ya ba da labarin cewa suna ɗaukar wani wasa ne da ya shafa baƙin fenti a fuska yana kwaikwayon yadda ake muzanta baƙaƙe a da, sai wani Bature cikin ma'aikata ya fashe da wata irin dariya da ta sa jikinsa ya yi sanyi, ya ji kamar ba tare da shi ake dariyar ba, shi ake yi wa. In mai abin da kansa, a ɗakin da yake shi ne oga, bai iya tabbatar da wace dariya ake yi ba, ina ga abin da aka sako a intanet kowa da kowa na gani.

Hausawa na cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, haka ne, shi ya sani, amma sauran 'yan kasuwar fa da zagin ya bi ta kansu?

Arɗo na Gombe:

Kai jama'a yau ga baiwata ta yi magana mai ma'ana, ashe Barebari na karatu. Ya Falmata a kawo min kuɗin shara na bana kar a ce ban tuna ba.

To kun ga abin da na yi yanzu ko. Na kira ta baiwa a gaban kowa kuma na san ba abin da zai biyo baya sai ta rama da wanda ya fi shi zafi, don tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, kamar Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa. A Nijar ma abin har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ku yi sikirinshot na layin farkon nan ku fassara shi da Turanci ku kai wa baƙaƙen Amurka, wani ɗan Afirka ya kira mace baiwarsa ya ce ƙabilarsu ba sa karatu, kafin la'asar an nemo inda nake aiki. Kuma ba zan ga laifinsu ba, su kalmar bawa a wurinsu jirgin ruwa ce da gonar auduga da bulala.

Abin da ke riƙe wasanmu shi ne an san juna, kowa na da bakin ramawa, kuma akwai iyaka, ba ka yi wa abokin wasa ranar da aka yi masa rasuwa, ba ka yi da wanda babu wasa tsakaninku. In Bakano ya ce wa Babarbare bawa ai faɗa ne. Su waɗannan masu shirye-shiryen suna yi ne kamar duk duniya taubasansu ne alhali ba wanda ya ƙulla wannan da su. Ko a nan gida ku duba masu sikit na kudu da ke sa babbar riga da hula su riƙe rediyo suna kwaikwayon Turancin Bahaushe, aboki kaza aboki kaza, wani in ka bi shi da kyau za ka ga masu raina ɗan arewa yake yi wa shaguɓe don a ƙarshe abokin ne ke yin nasara, wani kuma raini ne zalla, amma a kwament duk dariya iri ɗaya ake yi.

Ya Falmata:

Arɗo ka fara biyan kuɗin gonar mutane da shanunka suka cinye tukuna sai mu yi maganar shara. Bafulatanin da ya ga lifta ya cire takalmi ya yi sallama.

Alƙalami Ya Fi Takobi:

Na ɗan taɓa aiki a ɗakin labarai na wani shafin intanet, bari in gaya muku yadda ake dafa irin wannan rigimar don ba daga sama take faɗowa ba. Da safe edita zai ce me ke tirendin, a ce ana zagin wane, sai a ba yaro ɗan koyon aiki ya tsinto tuwit biyar masu zafi ya jera su, a sa kanu an yi wa wane ca a kan kalaman wariya, minti ashirin an gama labari. Ba wanda zai zauna ya kalli cikakken bidiyon na minti bakwai, lokacin babu, kuma in ka kalla ma ka gano ba haka ba ne to ka kashe labarinka da hannunka. Gobe sai a yi na biyu, wane ya mayar da martani, jibi na uku, masu sharhi sun ce mutane sun daina gane barkwanci. Labari uku daga layi ɗaya, kowanne da tallarsa. Yanzu kuma tun 2023 da X ta fara biyan masu shuɗin maki gwargwadon yadda ake tururuwa a fostin ɗinsu, mutum na sane sarai gatse ne zai yanke ya saka don ya san fushi ya fi dariya kawo jama'a.

Kuma rashin ganewar ba na talaka mai ƙaramar waya ba ne kawai. A Satumbar 2012 shafin barkwanci na The Onion ya ƙirƙiri labari wai an yi jin ra'ayi fararen fata na karkarar Amurka sun fi son Ahmadinejad, shugaban Iran na lokacin, a kan Obama, shaguɓe ne ga masu ƙin Obama saboda fatarsa, kamfanin dillancin labaran Fars na Iran ya kwafe shi ya buga a matsayin labarin gaske, daga baya suka ba da haƙuri. Mutum in labari ya yi daidai da abin da zuciyarsa ke so ba ya tsayawa bincike. Wasu masu bincike a jami'ar jihar Ohio ma sun gwada a 2009, suka nuna wa mutum sama da 300 bidiyon Colbert ɗin nan, kowa ya yi dariya, amma 'yan ra'ayin riƙau da yawa suka tafi a kan cewa da gaske yake wasan ne kawai ya fake da shi. Ka ga kenan ba masu fushi kaɗai ke kuskuren fahimta ba, har masu tafi.

Akwai wata mata ma'aikaciyar hulɗa da jama'a a wani kamfani a New York, Disambar 2013, mabiyanta a Twitter 170 ne kacal, za ta hau jirgi daga Landan zuwa Cape Town ta rubuta wai za ta Afirka Allah ya sa kar ta kwaso ƙanjamau, sai ta ƙara da cewa wasa take ai ita farar fata ce. Ta kashe waya. Awa 11 tana sama duniya na jiran saukarta da hashtag, har wani ya je filin jirgi ya ɗauki hotonta, aiki kuma ya tafi. Daga baya ta ce ita tana yi wa Amurkawa irinta shaguɓe ne da ke ganin bala'i na wasu ne can. Ni na yarda hakan take nufi, amma gatsen nata bai nuna ba ɗanye ne, Colbert ya yi shekara tara yana gina rigar da yake sawa, ita ba wanda ya san ta balle ya san ba halinta ba ne.

Ɗan Kurna amsar ta yaya za ka gane ita ce ba za ka gane daga sikirinshot ba, sai ka nemo inda aka yanko shi ka ga abin da ke gabansa da bayansa, ka duba me mai maganar ke faɗa sauran ranakun da ba ya wasa, sannan ka leƙa su waye ke yaɗa shi da murna, in ka ga waɗanda aka ce ana yi wa shaguɓen su ne suka mai da shi hoton furofayil to ko da niyyar kirki aka yi harbin ya kuskure.

Gunners Har Abada:

Ni duk wannan dogon Turancin bai dame ni ba, ku gaya min na Trevor Noah, ɗan barkwancin nan da ya yi shirin talabijin a Amurka. 2018 Faransa ta ci Kuroshiya 4 da 2 ta ɗau kofin duniya, ya fito a shirinsa yana waƙar Afirka ta ci kofi, abin da duk gidan kallon ƙwallo daga Kano har Kumasi muka faɗa a daren, Pogba iyayensa 'yan Gini, Kante 'yan Mali, Mbappe babansa ɗan Kamaru, Umtiti ma a Yawunde aka haife shi. Sai jakadan Faransa a Amurka Gérard Araud ya zauna ya rubuta masa wasiƙa wai ya hana yaran zama Faransawa. Mutumin da aka haifa a Afirka ta Kudu zamanin wariya, uwa baƙa uba Bature lokacin da hakan laifi ne a doka, shi za a koya wa wariya? Shi dai ya ce me zai hana su zama duka biyun, Faransawa kuma 'yan Afirka. Ina laifi a nan dan Allah?

Ɗan Birni Damagaram:

Ɗan uwa laifin ba a bakin Noah yake ba, a kunnen Faransa yake. Wannan jimlar ta cewa ƙungiyar nan ba Faransawa ba ne 'yan Afirka ne tana da mai ita a can, tun 1996 Jean-Marie Le Pen ke cewa an cika tawagar da baƙi waɗanda ko taken ƙasa ba sa rerawa. To jakadan da ya ji ta sai ya ji muryar Le Pen, shi ya sa ya tsaya yana lissafin cewa cikin 'yan wasa 23 biyu ne kawai ba a Faransa aka haifa ba. Su a tsarinsu ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne kawai, ko a ƙidayar jama'a ba a tambayar launin fata, Amurka kuwa kowa da laƙabin asalinsa a gaban sunan ƙasa kuma abin alfahari ne. Kai ka faɗa a gidan kallo murna ce, Noah ya faɗa a New York murna ce da ɗan tsokanar mulkin mallaka, a Paris kuma kalmar korar mutum ce daga ƙasarsa, kuma bidiyon duk wuraren uku ya shiga a dare ɗaya.

Sai dai ni ma ban ba jakadan gaskiya duka ba, don Faransancin yaran nan ranar nasara ake tunawa da shi. A wasan ƙarshe na 2022 da Ajantina, Coman da Tchouaméni suka ɓarar da fenariti, ka je ka ga abin da aka cika musu shafukan Instagram da shi, su da Kolo Muani, hoton biri da ayaba, har sai da hukumar ƙwallon Faransa ta ce za ta kai ƙara.

Gunners Har Abada:

Allah ya kyauta. Amma Kolo Muani kam ni ma har yau ban yafe masa ba, minti na 123 kai da gola kaɗai ga Mbappe a gefe ka buga wa Martinez a ƙafa, ba ruwana da fatarsa ƙafarsa nake tuhuma.